Wa Zai Fara Sani?

9 ga Janairu

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Ya gwiwoyin? Baba ya ce da ya je dubo ki ya tarar kin fara dogara sanda, wai kina ɓoye ta bayan ƙofa in kin ji sallamar baƙi. Ni ƙalau nake, karatu ne dai ya sa ni gaba. Na san kunnenki ba ya shiri da waya, shi ya sa na ɗauko biro.

Gwaggo, alfarma nake nema. Kin san ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin nazarin zaman jama'a. Hukumar gidaje ta kawo wa sashenmu tambaya: mutanen da aka kwashe bara daga tsoffin kwatas na masaƙa aka kai sabbin gidaje, sun gamsu ko ba su gamsu ba? Tana son amsa kafin ta kwashe waɗanda suka rage a rushe wurin. Farfesan da ke duba aikina ya ce wa zai ɗauka, bai rufe baki ba na ɗaga hannu. Ya za a yi in bar wa wani? Shekara uku na yi a ɗakinki na layi na huɗu lokacin da Mama ke jinya. Har yau in na ji jiniya da safe sai in ga mata suna fitowa a jere, burbushin auduga na jiya bai gama fita daga ɗankwalinsu ba. Ina tuna ƙarar keken ɗinkin maƙwabciyarki ta cikin bango, da yadda nake ƙirga tagogin layin ina dawowa daga makaranta, in na kai goma sha biyu na iso gida.

Ɗalibai biyu na can garinku suna bi gida gida da takardar tambayoyi. Taki na ce ni zan aiko da kaina, ga ta a cikin ambulan. Tambaya ashirin ce, kowacce da akwati biyar, daga «na gamsu sosai» zuwa «ban gamsu ba ko kaɗan». Ki sa alama a wanda ya dace, ki dawo mini da ita.

'Yarki, wadda har yau kike kira Me-ya-sa.

24 ga Janairu

Me-ya-sa, 'yata,

Na amsa gaisuwa, Allah Ya yi miki albarka. Jiki da sauƙi. Ubanki tun yana yaro bakinsa ba ya riƙe magana. Sandar ta korar kyanwa ce, ki gaya masa haka.

Ashe tambayar da kika ishe ni da ita kina ƙarama ita ta zama sana'a. Me ya sa jiniya ke kuka, me ya sa auduga fara ce, me ya sa Gwaggo ba ta da haƙori a nan. Da na san biyan mutane ake a kan haka da ban riƙa korar ki waje ba.

Na cika takardarki. Ruwa, na gamsu sosai. Wuta, na gamsu. Rufi, na gamsu sosai, don kin san abin da ya sa aka fara kwashe ni ke nan: duk wanda rufinsa ya mutu shi aka sa a sahun farko, ni kuwa damina biyu ina kwana da bokiti uku. Yanzu ɗaki biyu gare ni, da bayi a ciki, da ƙasa mai santsi kamar faranti. Ƙarya zan yi? Mutum ya ba ka gida, ya aiko da takarda mai hatimi yana tambaya ko ka ji daɗi, me za ka ce masa? Akwatunan sun yi mini kaɗan, shi ya sa na juya bayan takardar na cika shi da rubutu. Ki karanta.

A taƙaice, gidan ba shi da laifi, shiru ne ya yi yawa. Kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfensa. Na hannun damana wasu matasa ne masu aikin banki, mutanen kirki, ta gilashin mota suke gaishe ni. Ranar rabo lambobi aka naɗe a takarda aka zuba a kwali, kowa ya sa hannu ya ɗauka, wai don kada a ce an yi son kai. Haka aka watsa mu unguwa uku. Wanda kuka yi shekara talatin kuna shanya a igiya ɗaya, yanzu sai ka hau mota biyu ka gan shi.

To ga tawa alfarmar. Gidan da ke jikin nawa ta hagu, lamba talatin da ɗaya, babu kowa a ciki. Mai Keke, wadda kika ce kina tuna ƙarar ɗinkinta, tana nan a layi na huɗu, tana cikin waɗanda za a kwashe bana. Shekara talatin da takwas bango ɗaya muke jingina. Ita ta wanke ni ranar da mai gidana ya rasu na kasa ɗaga hannu, ni na riƙe mata 'ya'ya duk sanda ɗinki ya yi mata yawa. Mun yi faɗa ya fi a ƙirga, akasari a kan almakashi. Tunda yanzu kina zama da manyan hukumar, ki sa baki a ba ta gidan nan. Kullum na wuce sai na leƙa ta ƙofar, har ciyawar gabansa na cire.

Gwaggonki.

6 ga Fabrairu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ina rubuto wannan a tsaye ne, Farfesa na jiran babi na uku.

Takardu ɗari da ashirin sun dawo, kuma sakamakon ya yi kyau: tara cikin goma sun ce sun gamsu. Taki dai ba ta shiga lissafi ba. Farfesa ya tambayi dangantakarmu, na ce ke da Baba 'ya'yan wa da ƙane ne, ya ce ko da nisa dangi dangi ne, ƙa'ida ta hana. Rubutun bayan takarda kuma dama ba a ƙirga shi, abin da ke cikin akwati kawai na'ura ke ɗauka.

Maganar Mai Keke, Gwaggo, ba na zama da manya. Sau ɗaya na shiga ofishin, a benci na jira. Ƙuri'a za a sake yi, ba ni da ta cewa. Mu yi mata addu'a ta ɗauko talatin da ɗaya.

'Yarki.

29 ga Maris

Gwaggo,

Ina fata lafiya. Mako bakwai ke nan ba amsa. Na buga wayarki ya fi sau goma, a kashe. Baba ya ce shi ma bai ji ɗuriyarki ba, amma wai halinki ne, in kin yi fushi sai kin gama don kanki.

Na nemo kwafin wasiƙata na karanta, kunya ta rufe ni. Na ce takardarki ba ta shiga lissafi ba, ban ce miki tana cikin jakata ba, na karanta bayanta har na haddace. Wurin da kika rubuta cewa kin fi wata ba ki ji an kira ki da sunanki ba, na yi kuka a ɗakin karatu har mai gadi ya zo ya tsaya a kaina. Ƙa'idar makaranta na faɗa miki, ba darajar maganarki ba.

An sa ranar miƙa rahoto, ƙarshen watan gobe. Ya kamata in yi murna, amma hankalina ba ya kwance. Don Allah ki rubuto, ko zagi ne.

'Yarki, Me-ya-sa.

11 ga Afrilu

Me-ya-sa,

Na ga wasiƙunki biyu. Lafiya lau yanzu, ki duba rubutun dai ki yi haƙuri, jiya aka cire mini filasta.

Fushi kam na yi. Shekara talatin da ɗaya na yi a masaƙa ina duba yadi, in na ce wannan bandir ɗin da aibi babu manajan da ke musu da ni. Sai ga yarinyar da na goya ta rubuto mini wai ban shiga lissafi ba. Na ninke takardar na sa ƙarƙashin ƙafar tebur da ke rawa. Na ce sai na yi mako biyu ban amsa ba.

Kwana na tara, da hantsi, na shiga wanka. Ƙasar nan mai santsi da na sa wa «na gamsu sosai» ita ta kwashe ni. Na faɗi a kan hannun dama, ƙugu ya riƙe, na kasa tashi. Na yi kira har murya ta dushe. Ina jin motar masu aikin banki ta fita, ina jin ta dawo. Sai washegari da azahar mai karanta mitar ruwa ya ga mita na gudu kamar hauka, ya buga ƙofa, ya ji nishi. Ashe famfon da na bari a buɗe ne ya cece ni. Na hana a gaya wa ubanki, kada ki ga laifinsa. Mai Keke ce ta ji a bakin wata mai jinya, ta hau mota biyu ta zo, ta yi kwana tara tana mini faɗa, sannan ta koma.

Yanzu bari in gaya miki abin da kina yarinya barci ya hana ki sani. A kwatas ba kowa ke da agogo ba, kuma in ka makara da minti biyar an rufe ƙofar masaƙa, ranar ta tafi. Shi ya sa duk wanda ya riga tashi zai buga wa na kusa da shi bango sau biyu, shi kuma ya amsa, ya buga wa na gaba. Mai Keke da gindin almakashi take buga mini, ni in amsa da cokali. In ka kasa kunne sai ka ji bugun yana tafiya daga ɗaki na ɗaya har na ashirin. Wanda bai amsa ba, kafin ya juya an tsaya a ƙofarsa. Babu wanda ya kafa dokar. Masaƙa ta rufe, jiniya ta yi shiru shekara goma sha huɗu, ba mu da inda za mu makara, amma ba a daina bugun ba ko rana ɗaya. Da a can na faɗi, ruwan wankan ba zai huce ba an ɗaga ni.

Kun tambaye mu gida, mun ba ku amsar gida. Tambaya ashirin, babu ɗaya da ta ce: in kika faɗi a ɗakinki, wa zai fara sani, kuma bayan awa nawa? Ba na koya miki aiki, ke ce mai digiri. Amma tunda ni ba na shiga lissafi, ki tambayi sauran ɗari da goma sha taran.

Na huce. Na ciro wasiƙarki daga ƙarƙashin tebur, yanzu ya koma rawarsa.

Gwaggonki.

25 ga Afrilu

Gwaggo,

Sannu, sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Na kasa cin abinci ranar da na karanta. Kwana ɗaya da yini a ƙasa, ni kuwa ina nan ina zana jadawalin gamsuwa da launi uku.

Na je wurin Farfesa na ce ba zan miƙa rahoton ba. Ya cire tabarau ya ce hukuma tambaya ɗaya ta yi, mun amsa, in na buɗe wata ba zan fita tare da 'yan ajinmu bana ba. Na karanta masa wasiƙarki daga wurin agogo. Ya saurara har na kai ƙarshe. Sai ya ce, «Labari ne mai taɓa zuciya, amma da me za ki auna shi? Hukuma ba ta aiki da hawaye.» Na ce da awa zan auna, mai tambayar ma ta faɗi ma'aunin. Ya yi dariya ya ce a ina gwaggon nan taki ta yi karatu. Na ce a ɗakin duba yadi.

Ya roƙar mini wata uku. Ɗaliban za su koma wurin waɗanda aka kwashe, su kuma shiga kwatas wurin mutum tasa'in da suka rage, da tambayarki kamar yadda kika rubuta ta. 'Yan ajinmu za su sa rigar kammalawa ba ni. Na ɗauka zai yi mini ciwo fiye da haka.

Ki sa tabarma a ƙasan bayin nan, don Allah.

'Yarki.

2 ga Agusta

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan hannu ya warware. Ki yafe mini shirun, na so in zo miki da magana cikakkiya ne.

A kwatas, cikin mutum tasa'in, tamanin da shida sun ambaci suna nan take, suka ce kafin hantsi an sani. Wata tsohuwa har haushi ta ji, ta ce wace irin tambayar banza ce wannan. A sabbin gidaje, fiye da rabi ba su ambaci kowa ba, sun ce sai dai Allah. Mutum goma sha ɗaya sun ce sai an ji wari. Gwaggo, su ne fa waɗanda suka sa alama a «na gamsu sosai».

Na rubuta shawara ɗaya tak: a daina ƙuri'a, a kwashe kowane layi gaba ɗaya, a jera mutane yadda ƙofofinsu suke, kuma kada a sa katanga tsakanin gida da gida. Wannan karon ba a benci na zauna ba. Manyan hukumar sun yi gardama awa biyu, sannan suka amince.

Sai dai akwai abin da ban hango ba sai da aka buɗe taswira. Unguwarku ta cika, gidajen da suka rage ɗaiɗai ne a warwatse, ba za ta ɗauki layi guda ba. Layi na huɗu duka za a kai sabuwar unguwar da ke hayin kogi, ta fi kwatas nisa daga wurinki. Da ƙuri'a ce, da Mai Keke na iya ɗauko talatin da ɗaya. Shawarata ce ta toshe wannan hanyar. Na tsaya bayan taro na faɗa wa jami'in rabo gaskiya, cewa ke da kika kawo tambayar kina zaune ke kaɗai. Ya ce ba a mayar da wanda aka riga aka ba gida, amma zai iya cire mutum ɗaya daga layi ya sa a talatin da ɗaya, in ku biyun kun sa hannu. Ga takardar nan na haɗo. Mako biyu ya bayar. Ki kai mata, ku sa hannu, ki dawo mini da ita da wuri. Na fi murna da wannan takardar a kan digirin.

'Yarki, Me-ya-sa.

13 ga Agusta

'Yata,

Lafiya lau, hannu ya warware har ina wanki. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki abin da kika rasa bana da ninkinsa. Na karanta lambobin nan naki sau uku. Goma sha ɗayan nan, ina jin na san bakwai daga ciki.

Washegarin zuwan wasiƙarki na sa takardar a jaka na hau mota. Rabona da kwatas tun ranar da na fita. Na tarar layi na huɗu ya cika da kwalaye, kowanne an rubuta lambar ɗaki da alli. Ɗakina an cire ƙofa, sama a buɗe, ga inda kika zana mutum da gawayi a bayan taga har yanzu. Na tsaya a ciki kaɗan, ban daɗe ba.

Ba ki ga yadda aka karɓe ni ba. Sun ji cewa 'yata ce ta hana ƙuri'a. Wannan ya ja ni, waccan ta ja ni, na sha shayi kofi huɗu don kada in ɓata wa kowa. Har sun gama rabon aiki a sabon wuri: wa zai riƙe makullin wa, igiyar shanya daga ina zuwa ina.

Mai Keke ba ta ɗaki. Na same ta a na gaba da nata, lamba goma sha huɗu, wurin matar Kafinta. Ba za ki tuna ta ba, doguwa ce mai yawan dariya. Bara bayan tashina ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yanta suna nesa. Mai Keke ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki, ita kaɗai ke gane maganarta. Kwana taran da ta yi a wurina ashe mata uku ta raba wa aikin, kuma duk ba su iya ba. Matar Kafinta ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta yi ta magana, ban gane ko ɗaya ba. Mai Keke ta ce, «Cewa take an ce ba za a raba mu ba, wai ki yi wa 'yarki godiya.»

Muka koma ɗakinta muka zauna a kan kwalaye. Ta ce, «Me kike ta danne jakar nan kamar za a ƙwace?» Na ce takardar asibiti ce. Ta ce in kawo ta gani, na ce ina ruwanta, ita likita ce? Muka yi faɗanmu har ta rako ni bakin titi.

Na san ta. Da na ciro takardar da ta sa hannu kafin in gama bayani, ta zo ta zauna a jikin gidana tana kallon hanya, tana tunanin wa ya juya waccan. Shi ya sa ban ciro ba. A mota na yi kukana, mai karɓar kuɗi ya ɗauka rasuwa aka yi mini, ya ƙi karɓar nawa.

Ga takardar na dawo miki da ita babu hannun kowa. Kada ki gaya wa Mai Keke an taɓa yin ta, kada kuma ki taɓa ko harafi ɗaya a rahotonki. Na tambaya, mota uku ce zuwa hayin kogi, sau ɗaya a wata ƙafata za ta iya.

Ki yi wa jami'in godiya, ki ce ya ba wa wani talatin da ɗaya. In zai yi mini alfarma, ya duba cikin masu jira ya zaɓo mini mai shisshigi, irin wadda ba ta iya ganin ƙofa a rufe ta wuce.

Gwaggonki.